Sai-Na-Gani da Makullansa Biyu

Idan ana lissafin bayin Allah da suka sadaukar da rayuwarsu don kare jama'a daga 'yan damfara, wallahi zalunci ne a fara da wani kafin a ambaci shugaban ofishin katin shaida na garinmu. Shi da bakinsa ya sha faɗin haka, kuma mutum ne da ba ya ƙarya a kan kansa, sai dai ya ɗan ƙara gishiri. Sunan da ya raɗa wa kansa shi ne Idon Hukuma. Sunan da ma'aikatansa suka raɗa masa, wanda kuma ya bi shi har gida, shi ne Sai-Na-Gani, don duk abin da ka faɗa masa amsar ke nan. Ka faɗa masa sunanka, ya ce sai ya gani. Ka shigo jiƙe sharkaf ka ce masa ana ruwa a waje, ya ce sai ya gani.

Ofishinsa yana saman bene, a ƙarshen wani dogon baranda mai bencina. A ciki akwai tebur mai faɗin gado, da fanka mai kuka, da akwatin ƙarfe a lungu, da kujera mai juyawa wadda ko mai shara ba ta isa ta matsar ba. Duk bankin da ya yi shakkar katin wani, duk asibiti ko makarantar da ta ga hoto bai yi kama da mai shi ba, nan suke turo mutum ya zo a tantance shi.

Tantancewar kuwa sai wanda ya gani. Zai karɓi katin da yatsu biyu kamar an miƙo masa mataccen ɓera. Ya ɗaga shi a hasken taga. Ya lanƙwasa, ya karce da farce, ya ƙwanƙwasa a gefen tebur yana kasa kunne. In abin ya yi tsanani ya sunsuna. Daga nan ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci, ya dubi hoton, ya dubi mai katin, ya ce masa ya juya gefe a ga kunne.

"Fuska tana yaudara," in ji shi, "amma kunne bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ni da kuke gani ba makaranta ce ta koya mini ba, baiwa ce. Gwamnati ta yi sa'a da aka haife ni a zamaninta."

A yi masa adalci, tunda ya hau kujerar nan ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Duk katin da ya ce jabu ne, nan take yake sa almakashi ya raba shi biyu, saboda haka babu mai sake dubawa balle ya ƙaryata shi.

Abin da ya fi so a duniya shi ne layin da ke ƙofarsa. Da hantsi yakan fito ya tsaya, hannu a baya, ya ƙare wa bencinan kallo yadda manomi ke kallon gonarsa bayan ruwa. Tsofaffi su miƙe, mata su gyara zama, kowa na "ranka ya daɗe". Shi kuwa sai ya yi ajiyar zuciya ya ce nauyin ya yi masa yawa, ya koma ciki ya rufe ƙofa ya sha shayi.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ya ce wa sai ya gani, ita ce 'yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta. Yarinyar nan likita take so ta zama, tun tana ɗaure wa 'yartsana ƙafa da tsumma. Jarrabawar shiga makarantar likitanci sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma akwai iyakar shekaru. Bara zazzaɓi ya kwantar da ita ranar jarrabawar. Bana ce damarta ta ƙarshe, in ta wuce shi ke nan. Ta yi karatu har sai da aka yanka mata tabarau, ta rame, ta daina zuwa gidan kowa. Uban yana sonta, wannan kam babu zambo a ciki. Sai dai ya riga ya fara gaya wa mutanen layi cewa nan gaba kaɗan Baban Likita za su riƙa kiransa, kuma gara su fara sabawa tun yanzu.

Ana cikin wannan zaman lafiya hedikwata ta ce an sauya tsarin kati. Ta turo wata injiniya da sabuwar na'urar buga kati, da 'yar na'urar dubawa, da ambulan a liƙe. Matar ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla, shi kuma yana juyi a kujera yana kallon silin.

"Yallaɓai, kowane sabon kati zai fito da ɗan murabba'i mai ɗigo-ɗigo a bayansa," in ji ta. "A ciki akwai sunan mai katin, da hotonsa, da ranar haihuwarsa, sannan da hatimin wannan ofishin. Ba hatimin tawada ba ne, na lissafi ne. Makullai biyu ke aikin. Na farko makullin sirri, shi ke buga hatimin, yana cikin na'urar nan. Na biyu makullin fili, shi ba ya iya buga komai, sai dai ya duba ya faɗa ko hatimin na gaske ne. In aka canza ko harafi ɗaya a katin, zai gane, wuta ta kunna ja. In komai daidai ne ta kunna kore."

"To kunne fa?"

"Na'ura ba ta duba kunne, yallaɓai."

Ya girgiza kai, tausayin gwamnati ya kama shi.

"Makullin fili a raba wa kowa," ta ci gaba, "banki, asibiti, makaranta, duk mai so, don su riƙa dubawa da kansu. Na sirri kuwa, ga kwafinsa a ambulan ɗin nan saboda ranar da na'ura ta lalace. A sa shi a akwatin ƙarfe a kulle. Duk wanda ya gan shi zai iya buga katin da har abada ba za a bambanta shi da namu ba."

Cikin duk wannan dogon bayani abu biyu kawai suka shiga kunnen Idon Hukuma. Akwai wani abu da za a raba wa kowa don a daina zuwa wurinsa. Akwai kuma wani abu da aka ba shi shi kaɗai.

Injiniya tana sauka daga bene ya tara ma'aikata.

"Makulli a raba wa kowa? A ina aka taɓa yin haka? Yaran hedikwatar nan sun yi karatu amma ba su san duniya ba. Yau in raba makulli, gobe a ce in raba kujera. Muddin ina numfashi, makullin ofishin nan ba zai kwana a aljihun akawun banki ba."

Ya ɗauki makullin fili, wanda aka ce a watsa wa duniya, ya jefa shi cikin akwatin ƙarfe ya datse.

Kai, ranakun da suka biyo baya sun yi masa daɗi! Sabbin katuna na fita, babu mai iya duba su a gari sai shi. Layi ya sauka daga bene har bakin titi. 'Yar na'urar dubawa kuwa a ƙarƙashin tebur ya ɓoye ta. Zai karɓi kati ya lanƙwasa, ya karce, ya sunsuna kamar kullum, sannan ya yi kamar katin ya faɗi daga hannunsa, ya sunkuya ya goga shi a jikin na'urar ya saci kallon wutar. In ya ga kore sai ya ɗago a hankali ya ce wa mai katin, "Je ka, kunnenka ya cece ka."

Amma bankuna ba su da haƙuri. Suka kai kuka hedikwata, hedikwata kuwa ba ta ko neme shi ba, ta ɗora makullin fili a shafinta na intanet, kowa ya sauke a wayarsa. Akawun banki ya haska kati ya ga kore. Mai gadin asibiti ya haska ya ga kore. Kafin ka ce me, baranda ta bushe. Mai sayar da ruwan sanyi a ƙasan bene ya kwashe kayansa ya koma tasha. Sai-Na-Gani ya fito da hantsi, hannu a baya, ya tarar da bencina sai ƙura. Ya yi gyaran murya, babu wanda ya miƙe.

Abin ya ci shi ƙwarai. Ya daina shan shayi. Ya riƙa zagaya ofis yana neman abin da ya rage masa wanda ba kowa ke da shi ba, sai ya tuna da ambulan. Ya buɗe akwatin ƙarfe, ya yage bakin ambulan ɗin, ya zaro takarda. Layi-layi ne na haruffa da lambobi a cakuɗe, babu kai babu gindi. Ya karanta daga hagu, ya karanta daga dama, ya juya ta ƙasa ta koma sama. Ya sunsuna. Da yamma ya sake tara ma'aikata, fuskarsa na sheƙi.

"Jama'a, abin da ke hannuna ɗin nan shi ne ran kowane kati a garin nan. Hedikwata ta duba gabas da yamma ba ta ga amintacce ba sai ni. An ce in ɓoye. To in ɓoye wa wa? Ni da na tsufa ina karanta abin da idon mutum ba ya gani, tun safe nake zaune da takardar nan ban gane ko kalma ɗaya ba. In ni ban gane ba, wane mahaluki ne zai gane? Sirrin da ya isa sirri ba ya bukatar akwati, shi ke tsare kansa."

Aka tafa. Wanda ya fi kowa tafi shi ne mataimakinsa, bawan Allah da ya daɗe yana auna kujera mai juyawa da ido. Shi ne ma ya kawo shawarar a sa takardar a gilashi mai gefen ruwan zinariya, don ta dace da darajar mai riƙe da ita.

Aka rataye ta a bango, daidai saman kansa, takardun shaidar kwas-kwas ɗinsa suka koma ƙasa. Duk baƙon da ya shigo, kafin a ba shi wurin zama sai an nuna masa. Sai dai baƙin sun yi ƙaranci, kuma mene ne amfanin girma in babu mai gani? Da shekara ta zo ƙarshe ya ce ofis zai buga kalanda, kuma tunda babu hoton da ya fi wakiltar ofishin, dole ya haƙura a sa nasa.

Mai ɗaukar hoto ya zo ya yi aikinsa yadda aka koya masa, fuskar maigida ta fito tar, bango ya yi dishi-dishi. Idon Hukuma ya duba ya ture.

"Ina haruffan? Kai aka ce maka don fuskata na kira ka? Fuskata kowa ya san ta. Makullin nake so ya fito, harafi-harafi, wanda ke nesa ya san irin amanar da ke kaina."

Aka sake, aka sake, har sai da kowane ɗigo ya fito raɗau. Shi da kansa ya sa madubin ƙara girma ya bi layin haruffan yana gwadawa da na bango, kada a ce ofishinsa ya buga abu da kuskure. Sannan ya sa aka raba kalandar: bankuna, asibitoci, makarantu, shagunan aski, har da masu buga takardu na bayan kasuwa. Ikon Allah! Mutumin da ya hana gari makullin fili ya aika musu na sirri har ƙofa, a takarda mai sheƙi, kyauta.

Masu buga takardu na bayan kasuwa ba su gane haruffan ba su ma. Sai dai su ba ganewa suke nema ba, kwafewa suka yi. Ba a daɗe ba garinmu ya cika da abubuwan al'ajabi. Samari majiya ƙarfi suka wayi gari sun isa ritaya. Wani mai furfura ya je banki da katin da ya nuna bara aka haife shi, akawu ya haska, kore. Wanda ya mutu ya dawo ya sayar da gidansa, kore. Daga ƙarshe wani shaƙiyyi ya buga wa kyanwarsa kati, da hotonta da gashin bakinta, a wurin sana'a aka rubuta mai gadi. Ya ɗauki bidiyo yana haskawa, wuta ta kunna kore, bidiyon ya zagaya wayoyin duniya.

Hedikwata ba ta da zaɓi. Tunda babu yadda za a raba katin gaske da na kyanwa, sai ta soke makullin ɗungurungum. A safiya ɗaya duk katin da ya fito daga ofishin garinmu ya koma ja, na mai gaskiya da na maƙaryaci. Shi kuma Idon Hukuma aka ce ya ɗan zauna a gida kafin a gama bincike. Ya gaya wa maƙwabta hutun girmamawa aka ba shi. Mataimaki ya hau kujera mai juyawa cikin alhini.

Matsalar ita ce jarrabawar Auta a makon ta faɗo, kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa sai kati ya kunna kore a bakin ƙofa. Hedikwata ta tausaya wa ɗalibai, ta kafa rumfa a harabar ofishin, ta ce duk mai jarrabawa ya zo a buga masa sabon kati da sabon makulli, yini ɗaya tak, jajibirin jarrabawar. Uwar Auta ta tashe ta da sassafe ta ce maza ta je ta kama layi, kada ta tsaya jiran kowa.

Da rana ta take, sai ga Sai-Na-Gani a motarsa, wai ya zo ya ga yadda ofis ke rushewa babu shi. Yana shiga harabar ya hango layi, irin layin da ya daɗe yana mafarki, amma ba a ƙofarsa ba. A gaban rumfa mataimaki ne zaune ana ce masa "ranka ya daɗe". A cikin layin kuma, dab da gaba, ga Auta da littafi a hannu tana bita.

Ya fito ya kama hannunta.

"'Yar Idon Hukuma a layi? A harabata? A gaban yaron da ni na koya wa riƙe almakashi?"

"Baba, saura kaɗan a zo kaina."

"Katin da ke hannunki ni na buga shi. Kunnen nan naki tun ranar da aka haife ki na duba shi. In kika karɓi sabo, kin gaya wa duniya na ubanki jabu ne. Shiga mota."

Ta dubi rumfar, ta dubi uban. Yarinya ce da ba ta taɓa yi masa musu ba. Ta shiga mota.

A gida uwar ta yi magiya har muryarta ta dushe. "Baban Auta, don girman Allah ka bar ta ta koma kafin su tashi. Fushinka da hedikwata daban, yarinyar nan daban. Ka san bana ce ta ƙarshe."

"Ke dai ba ki san mijinki ba," in ji shi. "Gobe ni zan kai ta da kaina. Wane ne bai san ni ba a garin nan?" Ya kulle ƙofar gida ya sa makullin a aljihu. Wannan makullin kam ya iya tsare shi.

Washegari ya sa kwat ɗinsa mafi tsada, ya fesa turare, ya tuƙa ta zuwa wurin jarrabawar. A bakin ƙofa akwai wata jami'a da waya a hannu, ɗalibai na miƙa kati tana haskawa suna wucewa. Aka zo kan Auta. Ja. Ta sake haskawa. Ja.

Idon Hukuma ya ratso iyaye ya tsaya a gaba, ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci.

"Baiwar Allah, ajiye wayar nan. Yarinyar da ke gabanki 'yata ce, katin da ke hannunki aikina ne. Kafin a ƙera wayarki nake tantance mutane a garin nan. Na duba, na gani, na tabbatar. Buɗe mata ƙofa."

Jami'ar ta ɗago ta dube shi, ta ƙara dubawa, sai ta dafe baki.

"La! Ai kai ne na kalanda!"

Nan da nan wuri ya ɗauka. Masu gadi suka matso, iyaye suka kewaye shi, wayoyi suka tashi sama. Wani ya ce a matsa ya shiga hoton, wata ta ɗaga ɗanta ya gani. Kowa na dariya, shi kuwa ya ɗauka murna ce. Ya miƙe ƙirji, ya gyara wuyan kwat, ya juya ɓangaren da fuskarsa ta fi kyau.

"Yallaɓai, kai kam kowa ya san ka," in ji jami'ar. "Ita ce ba ni da hanyar sani. Da makullinka bai fita ba, da katin nan ya ishe ta. Yanzu kyanwa ma tana da irinsa."

Ana cikin hotuna aka kaɗa ƙararrawa, mai gadi ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe. Nan kam dariya ta ƙare mini. Auta ta tsaya a waje riƙe da fensiranta da ta fiƙe tun jiya, tana kallon sa'o'inta ta tsakanin ƙarafa suna shiga aji. Ba ta yi ihu ba, ba ta roƙi kowa ba. Wallahi da ta yi ihun ma da ya fi sauƙin gani.

A mota ta cire tabarau, hawaye na zuba a kan littafin da ke cinyarta. Uban ya ci gaba da tuƙi har suka wuce kwana. Ya ce ta daina kuka, zai rubuta wa hedikwata, za su ji daga gare shi. Ya leƙa madubi ya gyara wuyan kwat, sai ga ɗan murmushi ya suɓuce masa.

"Amma kin dai gani da idonki, ko, Auta? Duk taron nan, ni kaɗai ne ba a tambaya kati ba."